Gwajin da Ya Ƙi Ƙarewa

Da hantsi aka kira Sufeto asibiti. Wata dattijuwa ta rasu bayan an yi mata allurar da jikinta ba ya ɗauka, ɗanta kuma ya kai ƙara.

"Na duba fayil ɗinta a kwamfuta kafin in rubuta maganin," in ji likita. "Babu shafin gargaɗi. Daga baya muka tsince shi a fayil ɗin wani."

Sufeto ya nemi mai gwaji, wata matashiya da kamfanin manhaja ya turo. Aikinta gwada saitin raba takardu: idan an ɗauki hoton tulin takardu, manhajar ce ke gane inda fayil ɗin wannan ya ƙare, na wancan ya fara.

"Yaya kika saita ta?"

"Ta yanka duk inda ta ga lambar sabon majinyaci, yallaɓai. Amma ko na gyara, sai in tarar ta koma yanka bayan kowane shafi uku. Shi ya sa shafin wani ke faɗawa cikin na wani."

"Wa kike bar wa kwamfutarki a buɗe?"

"Ba kowa."

Sufeto ya sa aka buɗe tarihin canje-canjen. Duk da sunanta aka yi su, da tsakar rana, a ɗakin ajiya na ƙasa.

Ta sunkuyar da kai. "Can nake gwajin. Idan na fita sayen abinci, Baba nake bar wa ɗakin."

Sufeto ya sauka shi kaɗai. Ɗakin ba taga, rabin kantocin sun zama wayam, sai warin tsohuwar takarda. Baba mai ajiyar fayil yana zaune yana dafa shayi.

"Baba, kana taɓa wannan kwamfutar?"

"Ni? Ai ni da ita sai kallo daga nesa. Ko kunna ta ban iya ba."

Ya zuba shayi da hannun hagu. Sufeto ya dubi teburin. Linzamin kwamfutar, ɗan abin da ake turawa da hannu ana dannawa, na ajiye a gefen hagu, alhali ya ga mai gwaji tana sa hannu da dama.

"Ka manta ka mayar da linzamin inda ta bar shi."

Baba ya ajiye butar. Ya dubi kantocin.

"Tun da matata ta rasu, 'ya'yan suka watse, nan ne gidana," ya ce a hankali. "Sai a yi wata ba wanda ya sauko. Da yarinyar nan ta zo, ta riƙa gaishe ni, muna cin abinci tare, tana ba ni labarin ƙannenta. Ta ce da zarar gwaji ya yi kyau za ta koma, a rufe ɗakin. Na ga inda take dannawa. Sai na riƙa sauyawa."

"Ba ka yi tunanin marasa lafiya ba?"

"Ta ce mini na gwaji ne, ba ya taɓa kowa."

"Tun makon jiya shugaban asibiti ya gaji da jira, ya sa aka haɗa shi da na likitoci," in ji Sufeto. "Shi ya jawo wata dattijuwa ta rasu."

"Ba wanda ya gaya mini." Ya share ido da bakin hannun riga. "Wa zai sauko ya gaya mini? Matar, tana da 'ya'ya?"

"Ɗa ɗaya. Yana waje."

Baba ya miƙe, ya miƙa hannuwansa biyu. Sufeto bai fito da ankwa ba; ya dai riƙe masa gwiwar hannu suka hau matakala.

A baranda suka tarar da mai gwaji rungume da jakarta. Ta matsa jikin bango ta ba su hanya.

"Sai da safe, 'yata," in ji Baba.

Ta kau da kai.