Man Shanun Mai Rowa

A wani zamani yaƙi ya tashi mutanen wani ƙauye. Suka hau amalanken shanu suka gudu. Ana cikin tafiya sai ƙafar amalanken ta bushe, ta dinga kuka, ƙiii, ƙiii.

Mai amalanke ya ce, "Jama'a, kukan nan zai kira mana maƙiya. Wa ke da mai a shafa mata?"

A cikinsu akwai wata mata mai rowa, ta ɓoye 'yar ƙwaryar man shanu a ƙarƙashin zanenta. Ta ce, "Ni ba ni da komai."

Aka hango ƙurar maƙiya daga nesa. Mai amalanke ya sake tambaya. Ta ce, "Ni ba ni da komai."

Rana ta take, man ya narke, ya gangaro har idon sawunta. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "Ikon Allah! 'Yar nan, ƙafar da ke jan mu tana kuka a bushe, taki da ke zaune ta sha mai!"

Kowa ya kwashe da dariya. Mai rowar ta miƙa ƙwaryar, kai a sunkuye, aka shafa. Amalanke ya yi shiru har suka tsira. Ita ma ba a sake jin bakinta ba.