Ramar Maman Bebi

"Kai, Maman Bebi! Kujerar nan za ta ɗauke ki kuwa?" Yaya Babba ta faɗa, 'yan falon suka kwashe da dariya.

Maman Bebi ta yi murmushin yaƙe, ta gyara wa 'yarta riƙo. Wata bakwai da haihuwa jikinta ya ƙi komawa, kuma duk zuwansu gidan surukarta sai yayar mijin nan ta taɓa ta. Mijin nata mai gyaran waya ne, mutum marar hayaniya. A hanyar gida ya ce, "Rabu da Yaya, ni a haka nake son ki." Ta gyaɗa kai kawai, amma maganar ta riga ta zauna mata.

A shagon gyaran gashin da take aiki, wata abokiyar aikinta ta ja ta ɗakin ajiye tawul, ta nuna mata wani farin abu kamar fasasshen gilashi.

"Ayis ake ce masa. Sati uku kin zama silim. Ba yunwa, ba gajiya!"

Ta karɓa ta fara sha, haka kuwa aka yi. Ta zube, rigunan amarcinta suka sake shigarta. Yaya Babba har tafi ta yi. "Yauwa, ko ke fa! Yanzu kika zama matar ƙanena."

Sai dai ramar ba ta tsaya ba. Abinci ya fita ranta, takan kwana uku idonta biyu. Haƙoranta suka fara baƙi suna gutsurewa. Ta soshe hannuwanta har suka zama gyambo, wai ƙwari ke yawo a cikin fatarta. Ranar da ta ƙona kunnen wata kwastoma saboda rawar hannu, aka sallame ta. Mijin ya yi tambayar duniya, amsarta ɗaya: "Gajiya ce."

Wata rana da azahar ya dawo ɗaukar abin da ya manta, ya tarar an liƙe tagogi da jarida. Ihun Bebi ya ji daga banɗaki. Ya banka ƙofar, ga uwar durƙushe tana dirzar bayan yarinyar da soson wanke tukunya.

"Sun shige ta ita ma! Bari in fitar mata da su!"

Ya fizge 'yarsa. Ita kuwa ta manne da bango tana nuna shi. "Kai ne ka sa mini kyamara a fanka, na sani!" Kafin ya yi magana ta dafe ƙirji ta zube.

A asibiti likita ya zaunar da shi. "Metamfetamin take sha, mugun abin mayen da ake ce wa ayis. Ya taɓa zuciyarta, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da ka makara kaɗan, da wani zancen ake yi."

Dangi suka taru a falon Mama, mahaifiyarsa.

"Ka sake ta!" in ji Mama cikin kuka. "Ka ga bayan jikata kuwa?"

"'Yar ƙwaya a zuriyarmu? Allah ya kiyaye!" Yaya Babba ta ɗora.

Mijin ya ɗago kai, idonsa jajir. "Mama, ki gafarce ni, ban taɓa yi miki musu ba. Bebi za ta zauna wurinki, wannan na yarda. Amma Yaya, lokacin da take ramewa wa ya tafa mata? Ni kaina ina kwance kusa da ita ban gane ba. Duka muka tura ta ramin nan, ba zan tafi in bar ta a ciki ba."

Yaya Babba ta kawar da kai gefe.

Wata tara Maman Bebi ta yi a cibiyar masu daina shaye-shaye. Sau ɗaya ta gudu ta koma wa abin, ya nemo ta ya mayar. Duk ranar ziyara yana kan benci, ko da za ta ƙi fitowa. Wani lokacin ta zage shi, wani lokacin ta riƙe rigarsa tana kuka: "Ka auri wata don Allah, ni na ƙare." Shi dai sai ya ce, "Sai wani satin."

Ranar da aka sallamo ta, haƙoranta shida babu, ga maganin zuciya da za ta sha har ƙarshen rayuwarta. Ta miƙa hannu, Bebi ta ɓuya bayan kakarta tana tsala ihu. Ta durƙusa a tsakar falon ta yi kukan da ya sa kowa hawaye. Mama ce ta ɗago ta.

"Tashi, 'yata. Za ta saba. Mu ma ki yafe mana."

Ta saba ɗin kuwa, amma sai da aka kwashe wata biyar kafin ta yarda uwarta ta yi mata wanka.

Haƙurin mijin ya dawo masa da matarsa, sai dai bai dawo da lafiyar da ta tafi ba. 'Yan'uwa, ƙwayar nan ba ta rage ƙiba, mutum take ragewa. Kuma kafin ku yi wa wani dariyar jikinsa, ku tuna ba ku san inda zai kai dariyar ba.