Damina Taka, Rani Nawa

Vaishali tana murza gurasa hawaye na ɗiga cikin garin, sai mahaifinta Namdeo ya leƙo daga shagon shayinsa na bakin tasha.

"Kukan me kuma? Na ce miki yaron ba shi da aibu. Ƙauyensu ne aibun!"

"Baba, ƙauye zan aura ko Dattu?"

"Duka biyun!"

Dattu dai saurayi ne mai sauko da mangwaro a ka daga Shindurwadi, can bayan rafi, inda mota ba ta zuwa. A shagon nan suka ga juna, shayi ɗaya ya zama goma. Da ya aiko neman aure, Namdeo ya ce sai ranar da bas ta fara shiga garinsu.

Yaro ya je ofishin motoci, aka ce mutanen ƙauyen sun yi kaɗan, sai sun ƙaru. Ya koma gida kansa na juyawa.

"Ayi," ya ce wa uwarsa Parubai, "ba bas sai da mutane. Ba mutane sai da amare. Ba amare sai da bas. To ta ina zan kama?"

"Kai, rufe min baki, ni ma ka sa min jiri!"

Parubai mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Ta ɗaure zani, ta ratsa rafi da ƙafa, ta zauna a bencin Namdeo. Ya miƙa mata shayi, ta ƙi karɓa.

"Ɗana gurgu ne? Mashayi ne? Ko 'yarka da tayoyi aka haife ta?"

Namdeo ya daɗe yana goge kofin da ba shi da datti. Can ya ce, "Ni da uwar Vaishali a irin ƙauyenku muka zauna. Naƙuda ta zo da damina, rafi ya cika. A kan gado muka ɗauko ta. Jaririyar kaɗai ta iso asibiti da rai."

 Parubai ta jawo shayin ta kurɓa.

A wajenmu babu abin kunya kamar namiji ya tare gidan surukai. Ita kanta ta sha yi wa 'ya'yan wasu dariya a kan haka. Amma ta dire kofin ta ce, "To. Damina taka, rani nawa. Ruwa na sauka su dawo nan su biyun, rafi na janyewa ka maido min su."

Namdeo ya ce, "Har bikin fitilu na bayan damina su kai a nan."

"A'a! Fitilun gidana wa zai kunna? Haihuwa dai na bar maka, ta fari da ta ƙarshe."

Vaishali ta fito daga bayan labule ta faɗi ta taɓa ƙafafun Parubai don girmamawa tana kuka.

Aka yi biki. Surutu kuwa Parubai ta sha shi! A bakin rijiya mata suna cewa, "Ina amaryarki Dattu? An kai shi ɗakinsa?" Mai gari ya zo a ruɗe: "Yanzu in ƙidaya su a namu ko a nasu?"

"Ƙidaya su da rani mana!"

Ta haɗiye duka. Shekara ba ta zagayo ba, matar da ta fi kowa dariya ta zo a ɓoye tana tambayar yadda aka yi cinikin, don nata ɗan ya fara furfura ba mata. Daga ita sai wata. Amare suka shigo, yara suka cika makaranta, aka ɗora gada.

Ranar da bas ta fara tsayawa a gindin mangwaro, Namdeo ne ya fara saukowa, jikarsa ta ruga ta rungume shi. Parubai ta ce, "Kai ka ce sai mota ta zo. To ga ta, ka makara!"

'Yan mata da samari, ku yi haƙuri da iyaye, sau da yawa tsoro ne ke sa su taurin kai. Mu kuma iyaye, girman kai ba ya ƙaruwa da ajiya. In farin cikin ɗanka ya taya, ka sallama.