Ƙafar da Ta Fara Shiga Gidan Toan

Saura kwana biyu Tet, bikin sabuwar shekarar ƙasarsu, Diep da mahaifiyarta suna zaune a kan tabarma suna naɗe banh chung, ƙunshin shinkafar da ake dafawa don bikin. Diep takan shimfiɗa ganye, ta zuba shinkafa mai danƙo, ta sa wake da nama mai kitse a tsakiya, ta rufe da wata shinkafar, sannan ta naɗe shi kusurwa huɗu ta ɗaure da zaren gora. Sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yatsunta duk sun yi ja.

"Goma muke yi kowace shekara," in ji Inna. "Waɗancan biyun da kika ware na waye?"

Diep ta sunkuyar da kai.

"Na gidan Luu ne ko? Matar da ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta kira ki mai farar ƙafa! Ke wai ba ki da zuciya ne?"

"Inna, bana ba ta da mai ɗaure mata. Marigayi mijinta, Baba Toan, ne yake yi."

"To ta ci ganyen!"

Bara war haka an riga an tsayar da maganar auren Diep da Khoi, ɗan Goggo Luu tilo. Sai ga safiyar Tet. Kowa a ƙauyen ya san ƙafar da ta fara taka gida a wannan safiya ita ke jawo masa alheri ko tsiyar shekara, shi ya sa tun da wuri Goggo Luu ta zaɓi Baffa Sau, mai shagon katako, wanda shekarar haihuwarsa ta dace da ta maigidan, ga jikoki ga rufin asiri. Khoi ya tafi ɗauko shi a babur. Kafin su iso, Goggo Luu ta fito daga kicin ta tarar da Diep a tsakar gidanta, tsaye kusa da maigidan, Baba Toan. Da aka tambaye ta, cewa ta yi, "Mantawa na yi, Goggo, ki yi haƙuri."

Wata huɗu bayan haka Baba Toan ya rasu. Tun daga ranar jana'iza Goggo Luu ta rantse wannan ƙafa ba za ta sake taka mata gida ba, ba a matsayin baƙuwa ba balle suruka.

Ƙarar babur ta tsaya a waje. Inna ta taɓe baki. Diep ta goge hannu ta fita.

Khoi na tsaye a bayan shinge, baƙin ƙyallen makoki maƙale a ƙirjin rigarsa. Ya rame.

"Yaya Khoi, ko hula ba ka sa ba a wannan sanyin?"

"Na samu aikin nan na birnin Hai Phong," ya ce. "Bayan biki zan fara. Ki biyo ni, Diep. Mu je ofis mu sa hannu a takardar aure, shi ke nan. In mahaifiyata ta huce ta neme mu."

"Ka bar ta ita kaɗai da hoton Baba?"

"Ita ta zaɓa! Wata takwas ina roƙonta. Ke kuma kin ƙi taimakona. Na san ki, ko ranar da kaza za ta ƙyanƙyashe ba kya mantawa, sai ranar Tet ce za ki manta? Me ya shigar da ke gidan nan?"

"Na ce maka mantuwa ce."

"Ƙarya kike yi, kuma ba ki iya ba."

Hawaye suka cika mata ido. Ta kama shingen da hannu biyu.

"Ba zan shiga danginku ta taga ba, Yaya. Ranar da za ka kai ni gaban teburin girmama kakanninku, ina so mahaifiyarka ce za ta miƙo mini turaren. In ba haka ba, na haƙura."

"Har yaushe?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tada babur ya tafi bai waiwayo ba.

Abin da ba ta faɗa masa ba, ba ta faɗa wa kowa ba. A waccan safiyar tana tsaye ne a bakin ƙofa da kwandon lemo, tana jiran Baffa Sau ya fara shiga. Ta tsakanin sandunan ƙofar ta hango Baba Toan yana gyara reshen furen da aka kafa a tulu. Tari ya sarƙe shi, ya durƙushe a ƙasa. Ba ta san lokacin da ta ture ƙofar ta ruga ba. Da ta ɗago shi, hankicin da ke hannunsa jini ne. Ya riƙe mata hannu ya ce, "'Yata, likita ya gaya mini tun watan jiya. Wannan ne Tet ɗina na ƙarshe. Ki bar matata ta ci shi da dariya. Kada ki faɗa."

Ta yi alkawari. Bayan ya rasu ta so ta yi magana, sai ta ga yadda Goggo Luu ke rarrafe a bakin kabari, ta fasa. Idan matar ta ji cewa mijin da suka yi shekara talatin da ɗaya tare ya ɓoye mata, ina za ta kai wannan fushin? Gara ta sauke shi a kan mai rai.

Safiyar Tet ta zo da yayyafi. Diep ta gaida Inna, ta kunna turare a gaban hoton mahaifinta, ta zauna. Wajen hantsi Inna ta dawo daga wurin ibada tana kakkaɓe lema, bakinta cike da labari.

"Kin ji abin da ya samu mutuniyarki? Har yanzu ba wanda ya taka gidanta! Ta aika wa Sau tun shekaranjiya, ya ce a gaya mata ƙafarsa na ciwo. A can kuwa na gan shi yana tsalle kamar ɗan akuya. Ya ce mini, 'Ni? In shiga, agwagwarta ta mutu a wata na bakwai, a kai sunana kasuwa?' Kowa ya zo wucewa sai ya leƙa, ya ga ba a shiga ba, ya ƙara sauri. Shi kuma ɗan nata yana makoki, ba ya buɗe wa gida shekara. Ta dafa kaza, ta jera kwanuka, tana zaune tana kallon ƙofa."

Inna ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Diep ta miƙe ta ɗauki banh chung biyun nan.

"Ina za ki? Diep! So kike ta watsa miki ruwa?"

"Ba shiga zan yi ba, Inna. Ta saman ƙofa zan miƙa."

Ƙofar gidan a buɗe take. Diep ta tsaya taku ɗaya kafin dokin ƙofa, daidai inda ta tsaya bara. Daga nan tana hango cikin ɗaki: hoton Baba Toan a kan tebur, hayaƙin turare, 'ya'yan itace kala biyar, kaza da ta riga ta huce. Babu reshen fure bana. Khoi ya gan ta ya zabura, ta girgiza masa kai.

Goggo Luu ta fito a hankali. Ta tsufa a shekara guda fiye da yadda Diep ta zata. Ta zo har bakin ƙofa, tana ciki Diep na waje.

"Barka da sabuwar shekara, Goggo. Na kawo wa Baba ne. Ba zan shigo ba."

Matar ta dubi ɗaurin, ta shafa zaren da yatsa.

"Irin ɗaurinsa ne."

"Shi ya koya mini."

Goggo Luu ta sa hannu a aljihu ta fito da wani hankici mai tabon jini a ninke, da takarda da ta sha lanƙwasa.

"Shekaranjiya na ɗauko rigarsa ta biki in ajiye masa kusa da hoto. Na samu waɗannan a aljihu. Takardar asibiti ce, kwanan watan kafin Tet ɗin bara ne." Ta ɗago ta dubi Diep. "Kwana biyu ban runtsa ba. Ki gaya mini gaskiya, yarinya. Me kika gani ran nan?"

Diep ta dubi hoton da ke can ciki, kamar mai neman izini. Sannan ta faɗa, tun daga tarin har zuwa alkawarin. Khoi ya juya baya ya dafa bango, kafaɗunsa na girgiza.

"Kika bari na zage ki a kasuwa?" Muryar Goggo Luu ta karye. "Kika bari na hana ki ɗana? Me ya sa?"

"Ya ce in bar ki ki yi dariya, Goggo. Daga baya kuma… na ga ba ki da inda za ki sauke kukan."

Ba a kuka ranar Tet, kowa ya sani. Goggo Luu ta toshe baki da hannu, amma kukan ya fi ƙarfinta.

"Tsohon banza!" ta ce tana duban hoton. "Ni ina can ina soya maka albasa, kai kana nan kana faɗuwa!"

Ta goge ido da bakin riga, ta ja da baya ta ba da hanya.

"Shigo."

"Goggo, ba wanda ya shiga tukuna. Ƙafata…"

"Ƙafar da ta ruga ta ɗaga mijina lokacin da tawa ke kicin? Ita nake so ta buɗe mini shekara. Shigo, 'yata, ruwa na dukanki."

Diep ta tsallaka dokin ƙofar. A gaban tebur Goggo Luu ta zaro turare uku, ta kunna da kanta, ta miƙa mata da hannu biyu. Khoi ya kwance ganyen banh chung, ya yanka shi gida takwas da zaren ɗaurin, aka fara ajiye wa mamacin nasa. Kafin azahar Baffa Sau ya iso yana ɗingishin ƙarya, maƙwabta na biye da shi.

Khoi bai tafi Hai Phong ba. Auren ma ba a yi shi a wannan shekarar ba, sai da makoki ya cika, kuma Diep ta jira ba tare da ƙorafi ba. Baba Toan bai ga ranar ba. Kujerarsa aka bari babu kowa a kai, da kofin shayi a gabanta.

Goggo Luu ta rayu ta ga jikoki biyu. Duk shekara, in ana maganar wanda za a gayyata ya fara shiga gida, takan ce wa matan unguwa su zaɓi wanda suke so, al'ada ce mai kyau, amma kada wanda ya yi kuskurenta. Baƙin ciki yakan sa mutum ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙaunarsa ne yake tsayawa shiru ya ɗauka. Ita ta yi sa'a, tata ta yi haƙuri ta dawo bakin ƙofa.