Sakamakon Binciken Murzuna a Falanko

"Kai! Wa ya ba ka izinin yankan geron nan?"

Sabi'u ya ɗago a firgice, almakashi a hannu. Budurwa ce a bakin gonar da kwanon fura a ka, ta haɗe rai. Adawiyya ke nan, 'yar Malam Audi mai gonar. Ta yi kwaleji a Tanut, yanzu ita ke rubuta wa ƙungiyar manoman Falanko takardu.

"Yi haƙuri, ɗalibi ne ni daga jami'a. Bincike nake kan murzuna, tsutsar nan mai cinye zangarniyar gero."

"Bara ma an zo, bara waccan ma an zo. Wasu suka ɗebi ƙasa, wasu suka ƙirga awaki, wani har tambayar baba ya yi sau nawa muke cin tuwo. Ko ɗaya bai dawo ya ce ga abin da ya gani ba."

Ta wuce abinta. Shi kuwa ya bi ta da kallo har ta shige cikin gero.

Sati uku ya yi a garin. Tambayoyinsa ba wanda ke gane kansu, sai Adawiyya ta ja tsaki ta karɓi takardar ta mayar da su maganar mutane. Tun tana yi da faɗa har ta fara yi da dariya. Ranar da ya koma Damagaram, saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sanyin idona, na iso lafiya. Tsutsotsin ma sun iso lafiya, amma ke kaɗai nake tunani."

Ta amsa: "Allah ya shirye ka. Da tsutsa kake jera ni? Ka ci abinci dai."

Bayan kaka kawunnansa suka zo neman aure. Malam Audi ya karɓe su da mutunci, ya sallame su da magana ɗaya.

"Bana murzuna ta cinye mini rabin gona, yaronku yana tsaye yana rubutu. Mutanen tambaya ne, su kwashi abin da suke so su tafi. Ga Falalu mai sayar da maganin feshi a Tanut, shi ma yana so. Ko banza shi na san inda zan same shi."

Adawiyya ta ci kuka ta ƙoshi, sannan ta kira Sabi'u ta ce ya aiko da sakamakon binciken ko baba zai huce.

Bayan wata huɗu direban motar kasuwa ya kawo wani littafi mai kauri, shafi ɗari da arba'in, da Faransanci. Malam Audi ya juya shi gaba da baya, ya ga hoton gonarsa a bango, ya miƙa mata.

"Karanta mana."

Ta karanta shafi uku, kanta ya ɗauki ciwo. Ta ɗauki waya:

"Sabi'u, ina wurin da aka ce manomi ya yi kaza?"

"Shafi na ɗari da goma sha biyu, zumata. Alƙalan jami'a ma sun yaba sosai."

"To ka auri alƙalan."

Ta daina ɗaukar kiransa. Falalu kuwa kullum yana ƙofar gida a kan babur, ita kuma ko ruwa ba ta kai masa.

Sabi'u ya je wurin malaminsa ya roƙi a ba shi motar jami'a ya kai wa mutanen Falanko bayani. Malamin ya ce ba ya cikin tsarin bana, ya rubuto takarda. Ya rubuta, aka ce ya jira sa hannu. Ya jira har ruwa ya sauka, gero ya fara ciki. Sai ya haƙura da sa hannun, ya hau motar kasuwa da ƙananan buhunan algarara goma sha biyar.

Aka taru ƙarƙashin gawo bayan la'asar. Ya fara bayani, kalma biyu Hausa, ta uku Faransanci. Mutane suka fara duban juna, wasu suka miƙe.

Adawiyya tana bayan mata tana cizon leɓe. Da ta ga babanta ma yana neman takalminsa, ta tashi.

"Abin da yake nufi, cikin buhun nan akwai ɗan ƙwaro mitsitsi. In an rataye shi kusa da gona, sai ya fito ya yi ƙwai a jikin murzuna, ta mutu. Ba ya cin gero, ba ya harbin mutum." Ta harare shi. "Wannan ne ya ci maka shafi ɗari da arba'in?"

Aka kwashe da dariya, waɗanda suka miƙe suka zauna.

Sabi'u ya ce a rataye buhunan nan da sati biyu. Wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta girgiza kai.

"Ɗana, ka makara ke nan. A tudun nan da wuri murzuna take fitowa. Jiya na gan ta a gonata."

Sabi'u ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, nuna mini." Tare suka tafi gonar, ya gani da idonsa, ya dawo ya ce a gaban kowa lissafinsa ne ya kuskure. Washegari aka rataye buhunan.

Aka yi girbi a gonar Malam Audi. Murzuna ta taɓa, amma rumbunsa ya cika har da saura. Ya aika a kira Sabi'u.

"Ba geron ne ya sa ba," ya ce. "Na ga mai ilimi ya durƙusa wa tsohuwa ya karɓi gyara. Turo magabatanka."

Falalu ya daina zuwa. Aka ɗaura aure ranar Asabar, malamin Sabi'u ma ya zo, a cikin motar jami'a. Adawiyya ta hango ta ta taga, ta ce wa ƙawayenta, "Ashe motar tana da lafiya."

Da za a tafi da amarya, Malam Audi ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ke kuma ki rage masa faɗa."

"Amin, Baba," ta ce cikin mayafi, tana share hawaye. "Zan gwada."