Rabon Namadi

"Ba ni ba da ɗiyata ƙetare, Raliya. Ki fidda rai."

Baba ya faɗa yana rufe akushi, ko kallona bai yi ba.

A gidanmu na Bagudo kullum sai an ware malmala ɗaya, ana ce mata rabon Namadi. Kakar Baba, Kubura, ita ta fara. Zamanin yaƙin Hitila mijinta Namadi, mutumin ƙetare, ya tsallaka Dahomi, Benin ta yau, gaida mahaifiyarsa, Turawa suka rufe iyaka, ya bar ta da ciki, bai sake dawowa ba. Har ta tsufa tana zuba masa tuwo, da safe ta ba kaji.

Shi ya sa Baba ba ya ƙaunar mutumin ƙetare.

Ni kuwa zuciyata, don neman magana, sai ta tsallaka Benin ta ɗauko Sufyan, mai sayar da shinkafa a kasuwar Lolo ta bakin iyaka.

Tun da Baba ya ƙi, na daina zuwa kasuwa. Na rame, kaɗaici ya ishe ni, gida cike da mutane amma ba mai tambayata.

Wata Juma'a sai ga sallamar Sufyan. Na laɓe bayan zana.

"Baba, ban kwana na zo yi," in ji Sufyan, ya ajiye kwano. "Ga masa na kawo. Yau sadakar Kubura ce a gidanmu."

"Wace Kubura?"

"Matar wan kakana, Namadi. Faransa suka kama shi soja, ya dawo makaho. Wani da ya taɓa nemanta ya je har gida ya ce masa ta rasu wurin haihuwa, ita da ɗan. Bai sake aure ba. Duk shekara yana mata sadaka, muka gada."



"Ɗan nan shi ya haife ni," in ji Baba. "Ita kuma sai da ta goya ni."

Na fashe da kuka, na manta laɓe nake. Tafiyar yini guda ce tsakanin Namadi da Kubura, kowa ya mutu shi kaɗai.

"Raliya... masoyiyata, bari kuka," Sufyan ya faɗa, kunyar Baba ta kama shi.

Baba ya share ido da hannun riga.

"Ɗauko akushin Namadi, ɗiyata."

Na kawo. Ya buɗe da kansa, ya tura gaban Sufyan.

"Ci, yaro. An daɗe ana jiranka."