Firizar Dakta Wulandari

Da hantsi Sufeto Syahrul Mappiasse ya sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Kalampa. Wari ne ya tarbe shi a ɗakin gwaje-gwaje. Firiza a buɗe, an zare wayarta.

Dakta Wulandari, shugabar wurin, tana zaune a ƙasa.

"Me ke ciki?" in ji Sufeto.

"Tsokar kunkurun teku, Yallaɓai. Akwai ƙwayar gado da ɗa ke ɗaukowa daga uwa kaɗai, ita kuwa uwar inda aka ƙyanƙyashe ta take komawa ta yi ƙwai. Da wannan nake gane gaɓar da kunkuru ya fito. Kwastan sun kama ɓawon kunkuru buhu-buhu, kotu na jiran sakamakona. Ga shi tsokar duk ta ruɓe."

"Sai ki sake tarawa."

"Daga ina? Yawancin gaɓar nan kunkuru ya daina hawa."

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba.

Maigadi Darwis ya rantse wuta aka ɗauke.

"Wutar ce ta zare waya da hannunta?"

Darwis ya sunkuyar da kai. Ya amsa cewa shekaranjiya ya tafi biki ƙauye, ya bar makulli wajen Baba Jumaing, tsohon masuncin da ke kai Dakta gaɓa-gaɓa tun farkon aikin.

Sufeto ya iske tsohon a gidansa na kan ruwa, yana shanya kifi.

"Baba, ina kake shekaranjiya?"

"Ina teku, ɗana. Makullin ma a gida na manta shi."

Ya miƙo masa kofi. Sufeto ya sha, ya yi godiya. A hanyar komawa ya ga injin jirgin tsohon a warware gaban makaniki.

"Tun makon jiya yake nan," in ji makanikin. "Ya tsufa kamar mai shi."

Sufeto ya juya. Wannan karon bai zauna ba.

"Da wane jirgi ka shiga teku, Baba?"

Tsohon ya ajiye kifin da ke hannunsa.

"Dakta ta gaya mini gwajin farko ya nuna gaɓarmu. Murna ma take yi, ba ta san 'ya'yana ne ke kama kunkurun ba. Kifi ya ƙare, ɗana. Mai sayen ɓawon yana birni a mota, su za a ɗaure. Ni na zare wayar."

"Wane ne mai sayen?"

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Sufeto ya san shari'ar ɓawon ta mutu. Ko ankwa bai fito da ita ba, ya dai ce wa tsohon ya biyo shi jirgi.

Dakta na tsaye a bakin gadar hawa jirgi lokacin da suka wuce. Tsohon ya gaishe ta.

Ruwa ya janye sosai. Tsohon ne ya riƙa nuna wa direban jirgin 'yan sanda hanya tsakanin duwatsun murjanin da ya mutu ya yi fari, har suka fita teku.